Koyar da Turancin Karɓar Baƙi: Jagora ga Malamin Masu Aikin Yawon Buɗe Ido

A marinar Ƙofar Mata na fara gane girman matsalar. Wani saurayi ne da ya tashi cikin sana'ar rini, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ya tsaya gaban baƙi huɗu da suka zo daga Legas tare da wata Baturiya. Kafin isowarsu ya gama yi mini bayani da Hausa, bayanin da zan iya sauraro har magariba: yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a cikin rami, yadda ake barinsu su jiƙu su nuna, da dalilin da ya sa ake tsoma zane a ɗaga shi ya sha iska a sake mayarwa. Da Baturiyar ta tambaye shi me ya sa zanen ke fitowa kore-kore sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi, sai ya yi murmushi ya ce, "Yes, very old, 1498." Ya san amsar sarai. Yana kuma da kiredit a Turanci a takardarsa ta sakandare. Abin da bai taɓa samu ba shi ne malamin da zai zaunar da shi ya koya masa faɗin abin da ya riga ya sani ga mutumin da ke tsaye a gabansa.

Irin wannan malamin nake rubuta wa. Ko kana koyar da 'yan rakiyar baƙi a Kano, ko ma'aikatan masauki a Yankari, ko matasan da ke neman abin yi lokacin bikin kamun kifi na Argungu, ɗalibanka sun zo da dukiya biyu: sanin wurinsu, da tarbiyyar girmama baƙo da suka sha tun a nono. Aikinka ka ba wa waɗannan biyun baki. Akwai cibiyoyi irin su NIHOTOUR, cibiyar ƙasa mai horar da ma'aikatan masauki da yawon buɗe ido, da wasu kwalejojin fasaha masu kwasa-kwasai na dogon zango, amma yawancin masu tarbar baƙi a zahiri ba za su bar sana'arsu su tafi can ba. Kwas na mako goma zuwa goma sha biyu, zama uku a mako, shi ne abin da za su iya, kuma a kansa na tsara abin da ke tafe.

Mataki na farko: je ka zauna a wurin aikin kafin ka buɗe aji

Kada ka fara da sayen littafi. Ɗauki littafin rubutu da biro ka je inda ɗalibanka ke aiki, ka nemi izini, ka zauna kwana biyu ko uku kana sauraro. Rubuta kowace tambaya da baƙo ya yi, yadda ya faɗe ta, da amsar da aka ba shi. Rubuta kuma wuraren da magana ta tsinke, inda ma'aikaci ya yi shiru ko ya ruga neman wani.

Abu na farko da za ka gano zai iya ba ka mamaki. Yawancin masu yi wa ma'aikatanmu Turanci ba daga Ingila ko Amurka suka zo ba. Tun da matsalar tsaro ta rage zuwan Turawa, baƙin da suka fi yawa 'yan Najeriya ne daga kudu, ɗaliban makarantu da aka kawo ziyara, masu yi wa ƙasa hidima, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, 'yan kasuwa Indiyawa da 'yan Sin da Kwarori, sai jefi-jefi ma'aikatan ofisoshin jakadanci da masu bincike. Da yawa daga cikinsu ma Turancin ba harshen uwarsu ba ne. Saboda haka burinka ɗalibi ya yi magana a fahimce shi, ya kuma fahimci baki iri-iri. Kwaikwayon muryar mai karanta labarai a Landan ɓata lokaci ne.

Abu na biyu, tambayoyin ba su da yawa. Su ne dai suke maimaituwa: nawa ne, ƙarfe nawa, ina banɗaki, akwai nisa, zan iya ɗaukar hoto, me aka sa a cikin wannan, ana karɓar kati ko sai taransifa. Idan ka tattara su za ka ga manhajarka ta rubuta kanta.

Mataki na biyu: tantance su da baki, ka raba su bisa aiki

Jarrabawar takarda ba za ta faɗa maka komai ba. Zauna da kowane ɗalibi minti biyar, ka zama baƙo, ka tambaye shi hanya, farashi, da labarin wani abu da ya sani. Naɗi muryarsa a waya da izininsa ka ajiye, domin za ka buƙace ta a ƙarshe. Daga nan ka raba su: masu tarbar baƙi a otal, masu kai abinci, direbobi, 'yan rakiya, masu sayar da kayan hannu. Makonni huɗu na farko su yi tare, sauran kowa ya bi layin sana'arsa. Aji kada ya wuce mutum goma sha biyar, in ba haka ba rabinsu za su gama kwas ɗin bakinsu bai motsa ba.

Mataki na uku: kunya, da jimlolin ceto

Babban abin da ke ɗaure harshen ɗalibinmu tsoron dariya ne. Tun a firamare ya ga yadda ake yi wa wanda ya yi kuskure a Turanci, ya kuma ji ana yi wa wanda ya iya kirarin "Bature". Ranar farko ka kafa doka, kuma ka tsaya a kanta: ba a dariyar kuskure a ajin nan, ba kuma mai gyara wa ɗan'uwansa magana yana tsakiyar yi. Kai ma malam, kada ka katse ɗalibi. Rubuta kuskuren, idan ya gama sai ka ɗauki guda ɗaya ko biyu ka gyara wa aji duka ba tare da kama suna ba. Idan akwai mata a ajin, ka lura ko sun fi sakewa idan aka haɗa su da junansu a makonnin farko. Sau da yawa haka ne, kuma idan suka saki jiki sukan riga maza kama abin.

Darasin farko kuwa kada ya zama gaisuwa, domin kowa ya iya ta. Koya musu abin da zai cece su idan magana ta kuɓuce. Jimloli biyar ko shida sun isa: "Sorry, could you say that again?", "Could you speak more slowly, please?", "Do you mean today or tomorrow?", "Could you write it down for me?", "I don't know, but I will find out." A maimaita su har su zama kamar sunan mutum a bakinsa.

Dalilin da ya sa na fifita wannan a kan komai shi ne ɗabi'ar cewa "Yes sir" ga abin da ba a ji ba. A wurinmu ladabi ne kada ka sa babba ya maimaita magana. A wurin aiki kuwa masifa ce. Baƙo ya ce a tashe shi ƙarfe biyar zai bi jirgi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano, yaro ya ce "Yes sir" bai ji ba, gari ya waye jirgi ya tashi. Ka nuna wa ɗalibanka cewa tambaya a nan ita ce ladabin, kuma matambayi ba ya ɓata.

Mataki na huɗu: kunne kafin baki, da sha'anin lambobi

Kowane zama ka fara shi da sauraro na minti goma. Ba ka buƙatar ɗakin na'urori. Roƙi abokanka masu baki daban-daban, Bayarabe, ɗan ƙabilar Ibo, Ba'indiye, da duk Baturen da ka sani, su aiko maka da saƙon murya na rabin minti a WhatsApp suna neman ɗaki, ko tambayar hanya, ko ƙorafin cewa fanka ba ta aiki. Kunna wa aji sau biyu. Kada ka tambaye su ma'anar kowace kalma. Tambaye su abu uku kawai: wane ne, me yake so, yaushe.

Lambobi su ne inda kuɗi ke zubewa, don haka ka daɗe a kansu. Bambancin "fifteen" da "fifty" a kunne ɗan ƙanƙani ne, a aljihu kuwa bambancin naira dubu 15 da dubu 50 ne. Koya musu inda ake danna murya a kowace, sannan ka ba su dabarar da ba ta kuskure: a faɗi farashi, a bi shi da "one five" ko "five zero", a kuma rubuta a kalkuleta ko waya a nuna. Haka lokaci. Mu muna auna yini da salloli, mu ce bayan Azahar ko gab da Magariba. Baƙo agogo yake bi, don haka ɗalibi ya saba mayar da "bayan La'asar" zuwa ƙarfe huɗu da rabi. Ya san cewa 18:00 a tikiti ƙarfe shida na yamma ne, kuma idan ɗan Ingila ya ce "half seven" bakwai da rabi yake nufi. Ya san Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, ta yadda 3/4 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Mai karɓar ajiyar ɗaki ya riƙa maimaita ranar da sunan watan a baki kafin ya rubuta.

Ƙara da rubuta sunaye ta waya. Ɗalibai biyu su zauna baya da baya, ɗaya ya karanta suna da lambar waya harafi-harafi, ɗaya ya rubuta, sannan ya karanto a tabbatar. Haruffan A da E da I su ne ke rikita su, sai G da J.

Mataki na biyar: furuci, iya abin da ke hana fahimta

Nan ba sai an daɗe ba. Bahaushe na haɗa P da F, domin a harshenmu sauti ɗaya ne ke ɗaukar nauyinsu, kuma hakan na sauya ma'ana: "pool" da "full", "pan" da "fan", "copy" da "coffee". Riƙe fallen takarda gaban baki: idan an rufe leɓe an saki P takardar za ta yi tsalle, F kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Sai B da V, sai wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, wanda ya mayar da "screw" sukuru. Minti biyar kullum ya wadatar. Sauran lafazin Hausa da ke cikin Turancinsu ka bar musu abinsu, ba aibi ba ne.

Mataki na shida: ladabin Hausa cikin rigar Turanci

Wannan shi ne sashen da na fi so, shi ne kuma ya fi buƙatar malamin da ya san harsunan biyu. Ɗalibanmu ba marasa ladabi ba ne, amma ladabin Hausa yana cikin murya, da russunawa, da doguwar gaisuwa kafin a faɗi buƙata. Idan aka ɗebe kalmomin kaɗai aka zuba su cikin Turanci, sai ladabin ya zauna a baya. "Me kake so?" da murya mai laushi ba laifi. "What do you want?" kuwa a kunnen baƙo kamar kora ce. Haka "Give me your passport", "Sit down", "Wait". Koya musu cewa Turanci yana ɗora ladabinsa a kan siffar tambaya: "How can I help you?", "May I see your passport, please?", "Would you like to sit down?" Kalmomi uku, "could", "would" da "may", idan suka zauna a bakin ɗalibi, rabin aikin ya ƙare.

Akwai kuma maganganun da duk ɗan Najeriya ke ganewa amma suke ɓatar da wanda ya zo daga waje. "I'm coming" tamu "ina zuwa" ce, ana faɗa ana tafiya. Baƙo na ganin ka juya baya kana cewa kana zuwa sai ya rasa gane kanka. A ce "I'll be back in five minutes", kuma a dawo cikin minti biyar ɗin. "Well done" da muke yi wa mai aiki a madadin "sannu da aiki", a wurinsu yabo ne ga wanda ya kammala wani abu. "Sorry" da muke cewa idan mutum ya yi tuntuɓe, wasu za su amsa da cewa ai ba laifinka ba ne. Wannan ta ƙarshe ni ban hana ta ba. Nakan ce su ƙara "Are you all right?" a bayanta, su kuma koya wa baƙon kalmar "sannu", domin tana daga cikin kyawawan abubuwan da zai koma gida da su.

Kada ka koyar da wannan kamar namu kuskure ne nasu daidai. Ka ce musu kasuwa biyu ce, kowace da kuɗin da take karɓa. Da Bayarabe ko ɗan Binuwai "well done sir" daidai take. Gwaninta ita ce sanin wa ke gabanka.

Jiki ma yana magana. Yaronmu yana sunkuyar da kai don girmamawa, wasu baƙin kuma suna ɗaukar rashin kallon ido a matsayin ɓoye wani abu. A koya masa ya ɗaga kai ya dubi fuska yayin gaisuwa da yayin faɗin farashi. Batun musabaha tsakanin mace da namiji kuwa, kada ka tilasta wa kowa abin da addininsa bai yarda da shi ba. Ba su mafita mai kyau: hannun dama a ƙirji, fuska a sake, da "You are very welcome" tun kafin baƙon ya miƙo hannu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushin wannan gaisuwar ba. Tambayar mace ko tana da aure, shekarunta nawa, ko me ya sa ba ta haihu ba, a wurinmu hira ce, a wurin aiki a bar ta.

Mataki na bakwai: gina labari daga Hausa

Yanzu an zo ga 'yan rakiya. Kuskuren da aka saba shi ne a rubuta musu shafi biyu na tarihi su haddace. Mai hadda da an katse shi da tambaya ya ɓata, sai ya koma farko. Hanyar da ta yi mini aiki ita ce wannan. Ɗalibi ya ba da labarin wurin da Hausa, yadda zai ba wa kawunsa da ya zo daga ƙauye. Aji su zaɓi abubuwa biyar mafi daɗi a ciki. Kowane abu a mayar da shi gajerun jimloli biyu ko uku na Turanci mai sauƙi. A rubuta kalma ɗaya tak ta tunatarwa ga kowane abu a ɗan kati, a ajiye takardar jimlolin a gida. Sannan ya faɗa sau da yawa, kowane karo wani ya katse shi da tambaya.

Ɗauki saurayin marina. Abubuwansa biyar: kayan haɗi, jiran ruwa ya nuna, tsomawa da ɗagawa, ɗaurin da mata ke yi a gida wanda ke fitar da zane-zanen, da mabuga masu dukan yadi har ya yi ƙyalli. Amsar tambayar Baturiyar nan jimla biyu ce: "It comes out green. The air turns it blue." Ba kalma ɗaya mai wuya a ciki. Nahawun da ake buƙata shi ne na jerin aiki, "first", "then", "after that", da na abin da ya wuce. A nan ne wurin koyar da su, lokacin da ɗalibi ke jin ƙishirwarsu.

A Yankari kuwa ɗan rakiya ya san dabbobin da sunayensu na Hausa da halayensu, wani lokaci fiye da masu digiri. Buga hotuna ka haɗa sunayen: giwa "elephant", ɓauna "buffalo", gwanki "roan antelope", kanki "hartebeest", mugun dawa "warthog", dorina "hippo". Ya iya faɗin cewa an keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Ya iya bayanin cewa ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, da dalilin da ya sa aka fi ganin dabbobi da rani, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Ya kuma iya nuni da sauri, domin giwa ba ta jiran a haɗa jimla: "On your left, behind the big tree."

Abu ɗaya nake dagewa a kai: raba tabbataccen tarihi da abin da aka gada a baki. Cewa Muhammadu Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma ana danganta masa kasuwar Kurmi da gidan sarki, wannan yana cikin tarihin da aka rubuta. Labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, ko na Barbushe a kan dutsen Dala, a gabatar da shi da "According to tradition" ko "Our elders say", kamar yadda muke cewa "an ce". Hakan bai rage wa labarin daraja ba, yana ƙara wa mai ba da shi amana. Kuma kada a ƙirƙiri amsa don gudun kunya. Cikin baƙin nan akwai malaman jami'a da suka karanta abin da ake ba su labari.

Kalmomin da ba su da takwara a bar su da Hausa a yi musu bayani. Hawan Daushe sunansa Hawan Daushe, jahi sunansa jahi: a faɗi kalmar, sannan a ce mahaya ne ke sukuwa a guje su ja linzami gaban Sarki su ɗaga hannu don gaisuwa. Tun da UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, kamar yadda ta sa bikin Argungu a 2016, masu zuwa sukan iso da ɗan karatu, kuma sunayen na asali suke son ji.

Mataki na takwas: gargaɗi da abinci

A nan ladabi mai zagaye-zagaye ba shi da wuri. Gargaɗi gajere ne, a sarari, da dalili a bayansa. "Please stay in the vehicle." "Keep your door locked. The baboons come in for food." Duk wanda ya kwana a sansanin Wikki ya san gwaggon biran can ba sa jin kunyar shiga ɗaki. A cikin birni kuma: a cire takalmi a nan, a tambayi mutum kafin a ɗauke shi hoto, kada a ɗauki hoton jami'an tsaro. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma wanda ya rako shi ne sandarsa.

Masu kai abinci su iya bayyana kowane abinci da jimla ɗaya: masa da shinkafa ake yi, miyar kuka garin ganyen kuka ce, fura gero ce a dama da nono. Su kuma san kalmar "allergy" da nauyinta. Akwai mutanen da gyaɗa kaɗan ke iya toshe musu numfashi har ta kai ga rai, kuma tsire da kilishi duk da ƙuli-ƙuli ko tunkuza ake haɗa su. Idan ba a tabbatar da abin da ke cikin miya ba, a ce za a tambayo mai girki. Wanda ya ce shi "vegetarian" ne, tsame nama daga miyar da aka dafa da nama bai biya masa buƙata ba.

Mataki na tara: mai fushi da mai tambaya mai nauyi

Shirya aji kamar wurin aiki: tebur ya zama kanta, kujeru huɗu su zama mota. Ka ba "baƙo" kati a ɓoye mai ɗauke da matsalarsa: ba ruwa a banɗaki, an yi masa lissafi ba daidai ba, direba ya makara awa guda. Ma'aikaci ya bi tsari huɗu: ya saurara har ƙarshe, ya ba da haƙuri, ya faɗi abin da zai yi da lokacin da zai yi shi, ya dawo ya tabbatar. Ka hana "It is not my fault" da "No problem" ga wanda ke cikin matsala. "Be patient" ma a bar ta. "Yi haƙuri" a wurinmu lallashi ne, amma idan ta shiga Turanci a haka sai ta zama kamar ana zargin mutum da gajen haƙuri.

Za a kuma yi musu tambayoyi a kan almajirai, auren mace fiye da ɗaya, shari'a, da tsaro. Gara su fara jin su a bakinka. Ku tattauna da Hausa tukuna har kowa ya san abin da yake son faɗa, sannan a nemo masa jimloli biyu ko uku na gaskiya cikin natsuwa. Ɗalibi na da 'yancin cewa "I would rather not talk about politics." Kan tsaro kuwa kada ya taɓa cewa hanya lafiya lau don kada ya rasa ciniki. Ya faɗi abin da ya sani, ya tura baƙon ga hukumar wurin.

Mataki na goma: fita fili da aunawa

Daga mako na shida, zama ɗaya cikin uku a yi shi a wurin aikin kansa, a Gidan Makama, a bakin ganuwa, a kantar otal. Gayyato wanda ba ya jin Hausa, masu yi wa ƙasa hidima sun fi sauƙin samu, ya zama baƙo na gaske. Kai ka koma gefe ka yi shiru ko da ɗalibi ya maƙale, domin a nan ne jimlolin ceto ke nuna amfaninsu. Tsakanin zama da zama, kowa ya aiko da saƙon murya na minti ɗaya a zauren WhatsApp na aji kan tambayar da ka bayar, ka amsa masa da gyara ɗaya kawai.

Jarrabawar ƙarshe aiki ce: ya tarbi baƙo, ya faɗi farashi da lokaci ba kuskure, ya ba da labarin minti uku ana katse shi, ya warware ƙorafi ɗaya. Ma'aunin shi ne ko baƙon ya samu abin da ya zo nema. Bayan nan ka kunna wa kowa muryarsa ta ranar farko a keɓe, ya ji da kunnensa inda ya taso.

Ka sallame su da ɗan littafin aljihu, su riƙa rubuta duk tambayar da ta gagare su a wurin aiki, ku haɗu sau ɗaya a wata ku warware. Ka kuma daidaita kwas ɗin da kalandar wurin, domin harshen da ba a yi amfani da shi nan da nan ba yana sanyi. Na Yankari su fara da kaka su gama kafin rani ya kankama. Na Kano da Katsina da Zariya su gama kafin azumi ya shigo, domin zuwa aji cikin Ramadan yana wuya, sai a yi zaman bita biyu a goman ƙarshe, a shiga hawan Sallah da abin a baki.